Awon Ɗan Adam da Ma'anar Tawali'u

Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasan babban yatsa. Ka ji bugun? Zuciyarka ce, tana bugawa kusan sau 100,000 kullum, ba ta taɓa neman izininka ba. In iska ta yanke wa ƙwaƙwalwa minti huɗu zuwa shida, lalacewa ta fara ke nan. Sarki da talaka, a nan awonsu ɗaya.

Mu yi lissafi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ne ke wucewa. Shekara 70 kwana 25,550 ne. Mai barcin awa takwas ya bar wa shimfiɗa shekara 23 daga ciki.

A ranar 14 ga Fabrairu, 1990, kumbon Voyager 1 ya ɗauki hoton duniya daga nisan kilomita biliyan 6. Ɗan ɗigo ya fito, sai an ƙura ido ake ganinsa. Duk wani mai ji da kansa a cikin ɗigon nan yake taƙama. Suratul Isra'i, aya ta 37, ta riga ta faɗa: ba za ka keta ƙasa ba, ba za ka kai tsawon duwatsu ba. Amma a wannan surar dai, aya ta 70, Allah ya ce Ya karrama 'ya'yan Adam. Tawali'u a tsakanin ayoyin nan biyu yake zaune.

A nan mutane ke ruɗewa. Wasu sun ɗauka tawali'u shi ne tsumma da sunkuyar da kai. A hadisin Muslim, an tambayi Annabi (SAW) game da mai son tufa mai kyau da takalmi mai kyau, ya ce Allah Mai kyau ne, Yana son kyau. Girman kai, in ji shi, ƙin gaskiya ne da raina mutane.

Saboda haka gwajin mai sauƙi ne. Bayan sallar Isha'i, ajiye waya, ware minti goma don muhasaba, wato yi wa kai hisabi. Wa ya yi mini gyara yau, yaya na ji a raina? Wa na katse wa magana? Ka fi mai da hankali kan gyaran da ya fito daga na ƙasa da kai, ɗanka ko yaron gidanka, domin karɓar gyara daga malami ba ya da wuya. In ka gano ka yi kuskure, kada neman afuwa ya wuce gobe.

Wurin da abin ke ɓaci shi ne ujubu. Mutum ya yi mako biyu yana wannan, sai ya fara jin ya fi masu girman kai, ya faɗa ramin da yake gudu. Akwai kuma wani nau'in riya, wato kushe kai a gaban jama'a don a ce "haba, ai kai na kirki ne". Alamarta, in aka yarda da kushen, sai ran mutum ya ɓaci.