Amsoshin Tambayoyinku: Waya Ce Ta Hana Matasa Fita Zaɓe?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Legas. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12. Ya ce: "Ƙannena kwana suke kan waya suna musun siyasa, amma ranar zaɓe ko ƙofar gida ba su leƙa ba. Facebook da TikTok ne suka kashe musu zuciya?"

To Alhaji, abin da ka gani a gidanka ya game ƙasa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kashi 69 cikin 100 na masu rajista ne suka fita. A 2015 aka dawo wajen kashi 44, a 2019 kashi 35, a 2023 kuwa kusan 27. A 2023 ɗin, mutum miliyan 93 ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta INEC, waɗanda suka dangwala ba su cika miliyan 25 ba, alhali kusan kashi 40 na rajistar 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. A nan Legas ma, daga cikin miliyan 7, ba a samu miliyan ɗaya da rabi ba.

Sai dai ni ba zan ɗora wa waya laifin gaba ɗaya ba, don gangarar ta fara tun ba a san TikTok ba. Da wayar nan aka yi gangamin EndSARS na adawa da cin zalin 'yan sanda a Oktoban 2020. Tana kuma cikin abin da ya sa Peter Obi ya zarce Bola Tinubu a Legas a 2023, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu 10 ba. Inda nake ganin ɓarnarta shi ne, yaro ya zazzage fushinsa a Facebook, abokai su yaba, sai ya ji ya sauke nauyi. Ga bidiyon rikicin wata rumfa, wani lokaci ma tsoho ne, ya zagaye WhatsApp tun da sassafe, uwa ta ce ba inda za ka. Da aka samu tsaiko a 2023 wajen ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a IReV, shafin INEC na nuna sakamako, masu cewa "an riga an rubuta" suka samu abin riƙewa. Kar kuma ka manta da ƙarancin takardun naira a lokacin, ko kuɗin mota sai an sha wuya.

Amma Alhaji, ka taɓa tambayarsu a ina suka yi rajista?

Na yi tambayar ne saboda wasiƙa ta biyu, daga wata baiwar Allah a Agege. Ta ce katinta na Katsina ne, ko za ta iya zaɓe da shi a nan?

A'a Hajiya. Inda sunanki yake, can za ki jefa ƙuri'a. Wannan shi ke hana 'yan Arewa da yawa a Agege da Idi-Araba zaɓe: kati na gida, mutum na Ikko, ranar kuma an hana zirga-zirga. Idan INEC ta buɗe rajista, ki je ofishinta na ƙaramar hukumar Agege da katinki ki nemi a dawo da ke rumfar unguwarku, ko ki fara cikewa ta shafinta na intanet. Kar ki sake sabuwar rajista, yin ta sau biyu laifi ne.