Sharhi: Lissafin Da Ake Yi A Ƙasa Kafin Jirgi Mai Saukar Ungulu Ya Kwashi Sojoji

Jama'a masu sauraronmu a Gadarif da Sinnar da Mai Wurno da Damazin da Kasala, da 'yan uwa mazauna Makka da Jidda, assalamu alaikum. Ga sharhinmu na yau.

Duk sa'ad da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi ɗauke da dakaru a lokacin yaƙi, sanarwar hukuma ba ta wuce layi biyu. Ko a ce tangarɗar na'ura ce, ko a ce rashin kyawun yanayi, abokan gaba kuma su ce su suka kakkaɓo shi. Daga nan sai zaman makoki. Mutuwa rigar kowa ce, babu musu. Amma uwar da ɗanta ya ƙone a cikin jirgi tana da haƙƙin sanin ko an auna lodin kafin a tashi, domin da yawa daga cikin irin waɗannan haɗurra tun a filin lodi ake ƙulla su.

Mu ɗauki mafi muni da aka taɓa gani. Ranar 19 ga Agustan 2002, a yaƙin Checheniya, wani jirgin sojan Rasha samfurin Mi-26 ya taso daga sansanin Mozdok zuwa Khankala kusa da Grozni. An ƙera shi ya ɗauki sojoji wajen 80, amma aka cusa masa mutum sama da 140. Da ya kusa sauka aka harbe shi da makami mai linzami na kafaɗa, Igla, injin ya kama da wuta, ya faɗa cikin filin da sojojin da kansu suka binne nakiyoyi don kare sansanin. Mai ya malale a ciki, ƙofofin baya suka cije, masu ceto kuma sai da aka share musu hanya tsakanin nakiyoyi. Mutum 127 suka mutu. Makamin abokan gaba ne ya kayar da jirgin, gaskiya ne. Yawan mamatan kuwa, cunkoso ne ya jawo shi.

A nan Sudan, jirgin da aka fi jigilar sojoji da shi shi ne Mi-8 da ƙanensa Mi-17, ƙirar Rasha. Injuna biyu gare shi, babbar farfela mai fikafikai biyar da faɗinta ya haura mita 21, da ƙaramar farfela mai fikafikai uku a wutsiya. Ma'aikatansa uku: matuƙi, mataimakinsa da injiniya. Nauyinsa babu komai a ciki wajen tan 7 da rabi ne, iyakar abin da zai iya tashi da shi kuma tan 13. A zuba mai cike da tankuna, kusan tan 2 ya tafi. Abin da ya rage bai fi tan 3 da 'yan kai ba.

To, a lissafa. Soja ɗaya da bindigarsa da harsasai da hular kwano da jaka ya haura kilo 100. Mutum 24 ke nan sun ci tan 2 da rabi. Akwatin harsashin kalashinkof wajen kilo 30 ne, goma sun zama 300. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, a jera 15 an ƙara wasu 300. Jirgi ya cika. Sai ga mai rauni da ba za a iya barinsa ba, ga wanda ya yi wata shida bai ga iyalinsa ba, ga buhunan gari, ga babban hafsa yana cewa a ƙara mutum biyu kacal, ai ba komai. Babu mugu a cikinsu. Amma farfela ba ta san alfarma ba.

Shi kuma tan 13 ɗin nan lissafin iska mai sanyi ne a bakin teku. Zafi yana sa iska ta yi sakayau, farfela ta rasa abin kamawa, injin ya rasa abin shaƙa. Ƙa'idar matuƙa ita ce, kowane digiri ɗaya da zafi ya ɗara ma'aunin da aka ƙera jirgi a kai, tamkar an ɗaga filin ne da ƙafa 120. Khartum tana kan tudun mita 380 ne kawai, amma da azahar ɗin watan Mayu, zafi na digiri 45, jirgi yana jin kamar daga kan dutse mai mita 1,500 zai tashi. A Fashir, da take sama da mita 700, abin ya fi haka, balle gefen Jabal Marra ko duwatsun Asir a kudancin Saudiyya. Lodin da jirgi ya tashi da shi lafiya bayan sallar asuba, shi ne zai iya gagararsa da rana tsaka. Shi ya sa masu hankali ke tsara jigilar dakaru da sanyin safiya, ko su raba ta sawu biyu.

Akwai gwajin da ke tona asirin lodi, kuma bai kai minti ɗaya ba. Matuƙi ya ɗaga jirgin 'yan mitoci, ya tsayar da shi cak, ya kalli allurar gudun farfela. Ya kamata ta zauna wajen kashi 95 cikin 100. Idan injuna sun ƙure amma allura tana zamewa ƙasa, sai a sauka a rage kaya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, kusa da ƙasa iskar da farfela ke turawa tana zame wa jirgi kamar matashi. Da ya yi sama kaɗan, matashin ya ɓace, sai ya soma nitsewa alhali ga katanga ko bishiya a gabansa. In akwai fili, dabarar ita ce a gangara a kan tayoyi har a sami gudun kilomita 30 zuwa 40, inda farfela ke samun sabuwar iska. Haka nan rabon kaya: a jibge akwatuna a baya, ko sojoji su rugo ƙofa gaba ɗaya kafin tayoyi su taɓa ƙasa, sai ma'aunin jirgi ya karkace, sandar tuƙi ta kasa gyara shi.

Sai ƙura, wadda mu a nan mun fi kowa saninta. A mita 20 na ƙarshe kafin sauka, farfela tana tayar da gajimaren ƙasa da ke rufe gilashi ruf. Matuƙi ba ya ganin ƙasa, jikinsa yana gaya masa a tsaye yake, alhali jirgin yana zamewa gefe. Taya ɗaya ta kama tudu, jirgi ya kife, fikafikai su farfashe su watsu. Kalmar habub, wato guguwar ƙura, da matuƙan duniya ke amfani da ita daga Larabcin ƙasar nan ta fito. Habub ne ya hargitsa jiragen Amurka a hamadar Tabas ta Iran a watan Afrilun 1980, inda daga baya ɗaya ya yi karo da jirgin dakon kaya cikin ƙura, mutum 8 suka mutu. Maganinta sananne ne: a zaɓi tsandauri ko tsakuwa, a yayyafa ruwa in akwai, a fuskanci iska, in kuma ƙasa ta ɓace wa matuƙi ya tashi sama ya sake zagayowa. Yashin nan kuma yana cin cikin injin sannu a hankali, ko da akwai matatar ƙura a bakinsa, ta yadda injin da ya daɗe a Darfur ba ya ba da ƙarfin da aka rubuta a littafi.

Yaƙi yana ƙara nasa. Makami irin Igla yana kaiwa wajen kilomita 5, sama kuma wajen mita 3,500. Tsoronsa ke sa matuƙa su yi ƙasa-ƙasa, a can kuma doshka, babbar bindigar nan mai sarrafa kanta da ke kan motocin yaƙi, na jira, ga wayoyin lantarki, ga dogayen ƙarafan sadarwa. Mutanen Gadarif ba su manta da watan Disambar 2018 ba, lokacin da jirgin da ke ɗauke da gwamnan jihar, Mirgani Salih, ya bugi ƙarfen sadarwa a Gallabat ya kama da wuta, kuma wannan ba a fagen daga ba ne. A watan Afrilun 2017, jirgin Saudiyya samfurin Black Hawk ya faɗi a Marib ta Yaman, sojoji 12 suka rasu a tashi ɗaya.

Tun da aka fara wannan yaƙi na Sudan a ranar 15 ga Afrilun 2023, jirage suna sauka a filayen ƙwallo da gonaki a gefen ƙauyukanmu, don haka maganar ta shafi farar hula. In jirgi zai sauka, a janye yara da dabbobi aƙalla mita 100, a kwashe ledoji da tabarmi, a riƙe rawani da mayafi, domin injin yana zuƙe su. Kada kowa ya bi ta bayan jirgi, ƙaramar farfelar nan ba a ganinta idan tana juyawa. In kuwa ya faɗi, a tunkare shi ta inda iska ke tasowa, a sani cewa akwai mai, wani lokaci har da ƙarin tanki mai lita 900 a cikin ɗakin fasinja, kuma harsasai da gurneti suna ci gaba da fashewa a cikin wuta. Wanda ya bugu a wuya ko baya, kada a ja shi sai in wuta ta taso masa. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta na minti 20, ban da man shanu, ban da toka. Bayan wuta ta mutu, a hana yara tsintar ƙarafa a wurin har sai masu kwance bama-bamai sun zo sun duba.