Darasin sunuka: sanda ba a kan ƙwallo take tsayawa ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena, matso da wayar nan wajen hannuna na baya. Ƙara sauke ta. Yauwa, nan.

Tsayuwa da ɗora hannu a tebur ba zan tsaya a kansu ba, duk mai kallon nan ya iya. Yau maganar tura sanda ce. Jiya bayan isha'i na zauna ina kallon samarin unguwarmu a nan Fagge suna wasa, kusan duk ciwonsu ɗaya. Saran ƙwallo suke yi kamar kaza na tsintar tsaba, tak, sai a fizge sanda baya. Sun auna daidai, ƙwallo ta ƙi rami, sai su ce ai tebur ne ya karkace. Abin yana damuna wallahi, don yaran suna da ido.

To duba. Ga fara nan, wato farar ƙwallon da sanda take bugawa. Haɗuwarta da bakin sanda ba ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa, kafin ƙiftawar ido ta tafi. Wani zai ce, tunda ta riga ta tafi, meye amfanin bin bayanta da sanda? Amfanin a hannunka yake. Hannun da ya yi niyyar tsayawa a kan ƙwallo, tun kafin ya iso ya fara taka birki. Yatsu su ƙanƙame, wuyan hannu ya murɗe, bakin sanda ya kauce. Wanda ya yi niyyar wucewa kuwa, yana cikin ƙara gudu zai same ta.

Sai ina sanda za ta tsaya? Sai hannun baya ya zo ya taɓa ƙirji. Lokacin da bakin sanda yake dab da fara, daga gwiwar hannunka zuwa wuyan hannu ya zama a tsaye cak, yana kallon ƙasa. In ka riƙe sanda can gaba, hannu zai ci karo da ƙirji da wuri, ba sauran hanya. Riƙon kuma kamar ka ɗauki ɗan tsako: babban yatsa da manuni su zagaye ta, na bayan su buɗe in ka ja, su rufe da kansu in ka tura.

Yanzu ga wurin da nake so ku ba ni hankalinku, don ni nan na sha wuya. A ƙaramin tebur na bakin titi na koyi wasa, inda ko ka sara ƙwallo tana shiga saboda rami kusa yake. Ranar da na fara hawa babban tebur mai ƙafa 12, ko ɗaya mai nisa ban jefa ba. Wani dattijo da ke gefe ya ce min, yaro, wa yake korarka? Jan sanda baya na ƙarshe a hankali ake yinsa. Ka ja, ka tsaya. Ka tsaya fa, ba ka rage gudu ba, sanda ta tsaya cik. A cikin tsayawar nan ne idonka zai tashi daga kan fara ya koma kan ƙwallon da kake nufi. Ya zauna a kanta, sannan ka tura. Kar ka tura sanda idonka na kan hanya. Ni a zuciyata nake cewa: ja, tsaya, duba, tura. Satin farko wasanka zai lalace, abokai za su cinye ka, kar ka fasa. Ku nemo wasannin Stephen Hendry a YouTube, wanda ya ci kofin duniya sau 7 tsakanin 1990 da 1999, ku kalli hannunsa na baya kawai, ku bar ƙwallon. Ronnie O'Sullivan ma sau 7 ya ci, shi yana sauke gwiwar hannu sanda ta yi doguwar tafiya. Yana da kyau a ido, amma ban ba mai koyo shawara ba. In gwiwar ta sauka da wuri, bakin sanda ya ɗaga, sai ka bugi fara sama da inda ka nufa.

Bari mu gwada. Sa fara a ɗigon shuɗiya... a'a, afuwan, ɗigon da ake ajiye ƙwallo mai ruwan ƙasa, nan kan layi. Ka buga tsakiyarta ta bi ta kan ɗigon shuɗiya, ta ruwan hoda, da baƙa, ta bugi gefen can ta dawo. Kar ka tashi, bar sanda inda ta tsaya. In tafiyarka miƙaƙƙiya ce, da kanta za ta dawo ta taɓa bakin sanda. In teburinku ba ɗigo, yi alama da alli a tsakiya.

Bismillah. Af, kun gani, ta kauce dama. Na ɗaga kai kafin hannu ya kai ƙirji, haɓata ta bar sanda. Ƙanena, kar ka yanke wannan daga bidiyon, bari su gani.

Kuma zafin Kano yana sa sanda ta riƙa kama hannu. Goge ta da tsumma mai ɗan laima, ka bi da busasshe, ya fi ka zuba hoda ta ɓata kyallen tebur. Kada a jingine ta a bango cikin rana, lanƙwashewa take yi. Fatar bakin sanda in ta yi sulɓi ba ta riƙe alli, a canza. Ina da su a nan, mai milimita 9 da rabi da mai 10, da alli mai kyau, in ka kawo sandarka ni zan manna maka da hannuna.

To ƙanena, mayar min da fara kan ɗigon. Wannan karon ɗauki haɓata da ƙirjina. Ja, tsaya, duba, tura. Yauwa, ga ta nan ta dawo.