Bobby Robson da haƙurin Ipswich

To jama'a, abu uku zan faɗa a kan Bobby Robson, ɗan ƙwallo kuma koci ɗan Ingila. Na farko wasansa, kuma ba zan daɗe a nan ba. An haife shi a 1933, ɗan mai haƙar kwal ne a arewacin Ingila. Ya buga wa Fulham da West Brom, ya sa rigar Ingila sau 20, ya ci ƙwallo 4. Mu wuce.

Na biyu, Ipswich. Nan ne zan baje kolina, ku gyara zama. Fulham ta kore shi daga aikin koci a 1968, ko shekara bai cika ba. A 1969 Ipswich ta ɗauke shi, ƙaramin kulob, ba kuɗi. Farkon zuwansa abin bai yi daɗi ba, har magoya baya suka riƙa ihun a kore shi. Shugaban kulob ɗin, John Cobbold, ya toshe kunnensa. Shekara 13 ya yi a wurin. Ku ji da kyau, 13! A duk tsawon nan 'yan wasa 14 kacal ya saya, sauran yaran gida ne da aka rena. A 1978 suka doke Arsenal da ci ɗaya mai ban haushi suka ɗauki kofin FA. 'Yan Arsenal na baya can, na ga kun ɓata rai, ba ni na buga ba. Roger Osborne da ya ci ƙwallon, murna ta sa jiri ya kwashe shi, sai da aka canja shi. A 1981 kuma ga kofin UEFA. Shekara 13 fa! Yau wa zai ba koci ko uku?

Na huɗu... au, na uku ne? Kocin Ingila daga 1982 zuwa 1990: ƙwallon da Maradona ya ci su da hannu a kofin duniya na 1986, Kamaru da ta kusa fitar da shi a na 1990. Sai PSV, Sporting, Porto, Barcelona, tun daga Sporting Mourinho yana yi masa tafinta.

Na'am, ɗan'uwa? Ɗan Najeriya a ƙarƙashinsa? Akwai mana. Amuneke a Barcelona. Sannan Shola Ameobi a Newcastle, haifaffen Zariya, Robson ne ya fara sa shi a babbar ƙungiya a 2000. Shi tsohon ya shahara da rikita sunaye. Ana ba da labarin an tambayi Ameobi, da wane suna kocinka yake kiranka? Ya ce Carl Cort, wato sunan abokin wasansa.