Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Lafiya, daga Shugaban Sashen Haihuwa da Cututtukan Mata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Ministan Lafiya, babban baƙonmu na yau, shugaban asibitin koyarwa, shugaban kwalejin koyon aikin likita, malamai abokan aikina, iyayenmu ungozomomi da ma'aikatan jinya, 'ya'yanmu ɗalibai, sauran manyan baƙi maza da mata.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. A madadin duk wanda ke aiki a wannan sashe, daga farfesa zuwa mai share ɗakin haihuwa, ina yi maka lale marhabin. Mun san ayyukan da ke gabanka, mun kuma san da ka so da rahoto kawai za ka nema a kai maka ofis. Amma ka tako da ƙafarka zuwa inda ake naƙuda dare da rana, don ka ga yadda ake koyar da likitocin gobe. Gani ya kori ji. Allah ya saka da alheri.

Waɗannan matasa masu fararen riguna da ke tsaye a bayanka sun shafe shekaru suna karatun jikin ɗan Adam kafin su iso wurinmu. Ka tambaye su sunan kowane ƙashi da kowace jijiya da ke ƙugun mace, za su zayyano maka ba gargada. To amma ranar farko da suka shigo ɗakin awon ciki, sai ka ga hannu yana rawa. Aikinmu a makonnin da suke yi tare da mu shi ne mu horar da wannan hannun.

Bari in nuna maka yadda darasin farko yake. Ɗalibi zai gaishe da matar, ya faɗi sunansa, ya gaya mata gaskiya cewa shi ɗalibi ne, ya nemi izininta. Idan ta ce a'a, magana ta ƙare, kuma ba za a rage mata komai cikin kulawar da ta zo nema ba. Idan ta amince, a ja labule, ma'aikaciyar jinya ta tsaya a gefe, shi kuma ya wanke hannu, ya murza tafukansa su yi ɗumi. Sai ya auna daga saman ƙashin mara zuwa inda mahaifa ta tsaya, domin daga mako na 24 yawan santimita kan yi kusan daidai da makonnin cikin. Daga nan sai lalube. Kai ne a ƙasa ko ɗuwawu? Kai yana da tauri, a dunƙule yake. Ɗuwawu da taushi. Bayan jaririn yana dama ko hagu? Sannan ya kafa ɗan mazurarin sauraro a kan cikin, ya sa kunne, yatsunsa kuma a kan wuyan hannun uwar don kada ya ɗauki bugun zuciyarta a matsayin na ɗanta. Zuciyar jariri mai lafiya tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya. Na daɗe ina koyarwa, amma har yau ina son in kalli fuskar ɗalibi a daidai lokacin da ya fara jin wannan bugun. Na'urar hoton ciki ta sauƙaƙa mana abubuwa da yawa, muna kuma koya musu ita, sai dai likitan da bai iya lalube da hannunsa ba yakan rasa abin yi a ranar da na'ura ta tsaya.

Ranka ya daɗe, akwai labarin da ba na bari ɗalibi ya bar sashen nan bai ji shi ba. A babban asibitin birnin Biyenna na ƙasar Ostiriya, a shekarun 1840, akwai ɗakunan haihuwa biyu. A ɗaya ɗaliban likita ne ke koyo, a ɗayan kuma ungozomomi. Matan da ke haihuwa a ɓangaren ɗaliban likita sun fi mutuwa da zazzaɓin jego nesa ba kusa ba, har mata suka riƙa roƙon kada a kwantar da su a can. Wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa ɗaliban suna fitowa daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda. A 1847 ya tilasta wa kowa wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-macen da suka kai kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu suka sauko zuwa wajen kashi 2 a watan Yuni. Hannun ɗalibi ne ya kai cutar, kuma gyara hannun ɗalibi ne ya tsayar da ita. Shi ya sa ba ma ɗaukar koyarwa a matsayin wani ƙaramin aiki da ake yi idan an sami sarari.

Mutane kan ce kabarin mai ciki a buɗe yake. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2023 mata kusan 260,000 suka rasu a duniya a dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da 700 a kowace rana. Ƙasashen duniya sun yi alkawarin rage adadin zuwa ƙasa da 70 cikin kowace haihuwa 100,000 kafin 2030. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, abubuwan da ke kashe su sanannu ne, maganinsu ma sananne ne: zubar jini, hawan jini mai kai wa ga jijjiga, shigar ƙwayoyin cuta, doguwar naƙuda, da ɓarin da ba a kula da shi da kyau ba. Yawanci abin da ake rasawa shi ne wanda zai gane da wuri.

Wani dare, shekaru da suka wuce, wata mata ta haihu lafiya wajen ƙarfe uku. Jariri ya yi kuka, hankalin kowa ya koma kansa, ga kuma wata mai naƙuda a gado na gaba tana kira. Wata ɗaliba da ke aikin dare ba ta bar gefen mai jegon ba. An koya mata ta riƙa taɓa mahaifa bayan kowane minti 15, ta ji ko ta dunƙule ta yi tauri. A taɓawa ta uku sai ta ji ta saki, ta yi laushi. Ta ɗaga zanen gado, ta ga jini ya taru a ƙarƙashi, alhali matar ba ta ce uffan ba, barci ma take ji. Ɗalibar ta sa hannu tana murza mahaifar, ta ɗaga murya ta kira ungozoma. Aka yi allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta dunƙule, aka sa ruwa, aka kira ni. Bayan kwana kaɗan matar ta koma gida da ɗanta a hannu. Wannan yarinya ba ta da ikon rubuta magani ko ɗaya a lokacin. Abin da take da shi shi ne hannun da aka koya wa bambancin mahaifa mai tauri da mai laushi.

Ilimi ya tabbatar da wannan. Mukan ce jini ya yi yawa idan ya kai mililita 500 bayan haihuwa, amma ido yakan raina jinin da ya gani. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a ƙasashe huɗu na Afirka, ya nuna cewa idan aka tara jinin a leda mai ma'auni, aka kuma haɗa murza mahaifa da oksitosin da maganin taranesamik mai rage zubar jini da ƙarin ruwa a lokaci guda, mummunan sakamakon zubar jini yana raguwa da kashi 60 cikin 100. Wannan muke so ya zama jiki ga ɗalibanmu.

Haka muke koya musu kada su raina hawan jini da ya kai 140 bisa 90 bayan mako na 20 na ciki, musamman idan matar tana kukan ciwon kai ko ganinta yana dishi-dishi, su kuma san yadda ake ba da magnesiyam salfet, maganin jijjiga, da yadda ake sa ido bayan an ba da shi. Suna cike takardar bibiyar naƙuda awa bayan awa har bakin mahaifa ya buɗe santimita 10, don su gane naƙudar da ta tsaya tun kafin ta kai mace ga yoyon fitsari. Suna auna lafiyar jariri da ma'aunin da likita Virginia Apgar ta ƙirƙiro a 1952, a minti na ɗaya da na biyar bayan haihuwa. A ɓangaren cututtukan mata kuwa, suna ganin ƙarin mahaifa, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da gwajin sankarar bakin mahaifa, suna kuma koyon zama da ma'auratan da suka daɗe suna neman haihuwa, wanda ke buƙatar kunne da haƙuri fiye da kayan aiki. Dole in faɗa a gabanka cewa rabin wannan koyarwa ungozomomi ne ke yin ta, su da ke tsaye tare da ɗaliban a daren da mu muke ɗakin tiyata.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ka ba ni dama in miƙa kokenmu. Babban abin da muke buƙata shi ne malamai. Wannan sana'a daga hannu zuwa hannu ake ɗaukar ta, malami ya ɗora hannunsa a kan na ɗalibi ya ce, “A nan, ka ji?” Idan ɗalibai sun yi wa malami ɗaya yawa, na baya sai leƙe, ita kuma matar da ke kwance sai ta ji an mayar da ita abin kallo, abin da ba mu yarda da shi ba. Duk ƙwararren likitan da aka riƙe a asibitin koyarwa, ba majinyatansa kaɗai aka taimaka ba, har da duk matan da ɗalibansa za su karɓi haihuwarsu nan da shekara talatin.

Muna kuma roƙon a faɗaɗa mana ɗakin gwaji mai mutum-mutumin roba, inda ɗalibi zai yi kuskure sau goma a gyara masa kafin ya taɓa mace mai rai, ya koyi ciro jaririn da kafaɗarsa ta maƙale ko wanda ya zo ta ɗuwawu. Ɗakin kwana kusa da ɗakin haihuwa ma ya zama dole, tunda naƙuda ba ta san dare ba. Sai wutar da ba ta yankewa, domin oksitosin yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 da 8, kuma ɗalibin da ya ga an yi allura ba ta yi aiki ba zai fita da darasin da ba daidai ba.

Ranka ya daɗe, yanzu za mu zagaya da kai. Za mu fara da ɗakin gwaji, inda ɗalibai suka shirya nuna maka yadda ake tarar zubar jini, sannan mu wuce ɗakin awon ciki da na masu jego. Mun nemi izinin matan da ke kwance tun da safe, kuma gadajen waɗanda suka amince kaɗai za mu tsaya. A bakin ƙofa akwai ruwa da sabulu, a nan kowa ke farawa, kuma ɗaya daga cikin ɗalibanmu ce za ta zuba maka.

Bismillah, ranka ya daɗe. Barka da zuwa.