Kyamara bayan ritaya: abin da Julia Margaret Cameron ta yi da akurkin kaji

Assalamu alaikum masu kallo. Shirin yau na iyayenmu ne da suka ajiye aiki, lokaci ya yalwata a hannunsu, suna sha'awar ɗaukar hoto amma suna ganin sun makara.

A watan Disamban 1863, wata mata a tsibirin Wight na ƙasar Ingila ta samu kyautar kyamara daga 'yarta da surukinta. Sunanta Julia Margaret Cameron, shekararta 48. Mijinta ya daɗe da yin ritaya, yawancin 'ya'yanta sun girma. Ba ta je wata makarantar hoto ba. Sai ta kwashe kajin gidanta, ta mai da akurkinsu mai bangon gilashi wurin ɗaukar hoto, ɗakin ajiyar kwal kuma ya zama ɗakin duhu na wanke hotuna.

Ku dubi wahalar aikin a wancan zamani. Za ta zuba wani sinadari mai danƙo a kan farantin gilashi, ta tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa, ta zura a kyamara tun yana jiƙe. Wanda ake ɗauka zai zauna mintoci, ko motsi ba zai yi ba. Daga nan sai ta yi maza ta wanke gilashin kafin ya bushe, in ya bushe aikin ya tashi a banza. Ruwan azurfar nan yana baƙanta yatsu, ƙura ko silin gashi ɗaya kan ɓata hoto. Duk da haka, a watan Janairun 1864 ta samu hoton farko da ya gamsar da ita, na wata ƙaramar yarinya. A 1865 gidan tarihin da a lokacin ake kira South Kensington a Landan ya sayi hotunanta ya baje su. Har shahararren masanin kimiyya Charles Darwin ya zauna ta ɗauke shi.

Ƙwararrun lokacin sun yi ta sukarta, wai hotunanta dishi-dishi ne. Ita kuwa da gangan take yi: idan tana juya idon kyamara ta ga fuska ta yi mata kyau, nan take tsayawa. A ganina, nan mai koyon kansa ya fi ɗan kasuwa 'yanci, domin ba mai biyansa balle ya gindaya masa sharaɗi.

Babban makaminta haske ne. Tana rufe tagogi ta bar hasken ya shigo ta gefe guda, ta matso da kyamara dab da fuska, abin da ke bayan mutum kuma ya yi duhu.

Baba, Hajiya, wayar da ke hannunku ta isa ku gwada wannan. Da hantsi, ku zaunar da jikanku ko tsohon abokin aiki a cikin zaure, kamar taku biyu daga bakin ƙofa, hasken ya bugi kunci ɗaya. Ku kashe filasha. Ku taɓa fuskar a kan allon wayar don kyamara ta mai da hankali can, sannan ku ja 'yar alamar rana mai daidaita haske da ta bayyana zuwa ƙasa kaɗan, har bango ya dushe. Kada ku ce masa ya yi murmushi, ku ja shi da hira har kafaɗunsa su saki. Gobe ku sake ɗaukarsa a wuri ɗaya bayan la'asar, ku jera hotunan biyu, ku duba inda inuwar hanci ta faɗa a kowanne.