Yadda Nazarin Furotin Ke Nuna Bambancin Illar Guba a Jikin Mace da Namiji

Da sanyin safiya a gonakin rani na Kadawa, kusa da Kura, magidanci ya goya tankin feshi yana bin tumatirinsa kunya-kunya. Da yamma matarsa ce za ta wanke rigar da maganin ya jiƙa, da hannunta, ba tare da safar roba ba. Sinadari ɗaya ne ya taɓa fatarsu, amma ba lallai ne ya yi aiki iri ɗaya a jikinsu ba.

Dalilin wannan bambanci yana wajen furotin, waɗanda su ne ma'aikatan jiki: wasu na shigar da sinadari, wasu na farfasa shi a hanta, wasu na fitar da shi ta ƙoda. Masu bincike kan ɗebi jini ko ɗan yankin hanta, su daddatsa furotin ɗin da wani sinadari mai suna tirifsin, sannan su zuba gutsattsarin a na'urar da ke auna nauyin kowanne. Daga nauyin ne kwamfuta ke gane furotin dubbai a lokaci guda, da adadin kowanne, sai a kwatanta na maza da na mata.

A ƙodar ɓera namiji akwai wani furotin, alfa-2u-gulobulin, da ke manne wa wasu sinadaran fetur, ya taru har ya lalata ƙodar. Macen ba ta kamuwa da wannan cuta, mutum kuma ba ya yin wannan furotin sam. Duk da haka an daɗe ana gwaji da dabbobi maza kusan zalla, kuma wannan sakaci ne babba, har sai da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta wajabta la'akari da jinsi daga 2016.

Misalin da ya fi shafar mu shi ne ƙarfen kadmiyam, wanda ake samun burbushinsa a wasu takin zamani, kuma shinkafa na zuƙarsa daga ƙasa. A Toyama ta ƙasar Japan, inda ruwan da ke fitowa daga wurin haƙar ma'adinai ya gurɓata Kogin Jinzu da kadmiyam, cutar itai-itai mai rarake ƙashi ta fi kama mata, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa, kuma gwamnati ta amince da musabbabinta a 1968. A bangon hanji akwai furotin DMT1, ƙofar da sinadarin ayon mai gina jini ke shiga. Idan ayon ya yi ƙaranci, jiki kan ƙara yawan ƙofofin nan, kadmiyam kuma ta nan yake bi, ya zauna a ƙoda shekara da shekaru.

Saboda haka idan shinkafa ta gurɓata, matar da al'ada da ciki da haihuwa suka rage wa jini za ta iya zuƙar gubar fiye da mijinta, ko da kuwa daga tukunya ɗaya aka kwasa musu tuwon.